Wuƙa a Kan Ɗanyen Reshe

'Yan'uwa, sare busasshen reshe ba ya bukatar dogon tunani. Tambayarmu a kan ɗanye take, mai ganye, marar cuta: da wane hakki muke sa masa wuƙa?

Da yawa daga cikinmu a gari fili ƙafa 50 da 100 muke da shi, ɗakuna kuma sun cinye mafi yawansa. Mangwaro kuwa, in an ƙyale shi, yana iya kai tsawon mita 30. Shi ya sa masu lambu sukan datse kan dashen tun yana wajen mita 1, su zaɓi rassa 3 ko 4 masu fuskantar sassa dabam dabam, su cire saura. Kowace shekara, da zarar an gama tsinke 'ya'ya, sai a sake rage shi, gama a bakin rassa mangwaro yake fure, wanda ya yi jinkiri kuwa furen baɗi zai sare. A Faransa an kai wannan aiki nesa: a lambun sarki na Bersai, wanda aka kafa tsakanin 1678 da 1683, akan ɗaure rassan itatuwa su kwanta a jikin bango kamar tabarma.

Mukan ce don amfanin itacen muke yi. Rabin gaskiya ke nan. Hakika iska da rana sukan ratsa tsakiyarsa, cuta ta ragu. Amma mangwaron da ke bayan gari ya tsufa lafiya ba tare da wuƙar kowa ba. Muna yanka ne domin rufin ɗakinmu, domin hannunmu ya kai ga 'ya'yan, domin kada reshe ya haura katangar maƙwabci ya jawo faɗa. Wannan ba laifi ba ne. Littafin Farawa ya nuna an danƙa wa mutum gona ya kula da ita, a Bisharar Yohanna sura 15 kuma har reshen da ke ba da 'ya'ya akan tsabtace shi.

Sai dai wanda ya fara yanka ya ɗauki bashi. Inda aka datse reshe guda, tofo da yawa ke fitowa. In mai gida ya yi shekara 2 ya gaji, itacen yakan cunkushe fiye da wanda ba a taɓa ba. Sa'an nan a ɗauko gatari cikin fushi, a sare manyan rassa rana ɗaya, a bar rauni mai faɗi inda ruɓa da gara za su shiga. Ga ganinmu, a nan ne zalunci yake.

Iyaye da malamai sun san wannan. Hana yaro abu ba wuya. Zama kusa da shi a ga abin da ya tsiro a gurbin hanin shi ne aikin. Masu lambu ba sukan cire fiye da kashi 1 cikin 3 na ganyen itace a lokaci guda ba, kuma sukan koma bayan 'yan makonni su duba tofon.