Sunayen da Ba a Rubuta a Bakin Titi Ba

Wa'azi domin watan Nuwamba, watan tunawa da matattu



Ikilisiya ta keɓe watan Nuwamba domin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ranar 1 ga wata muna bikin Dukan Tsarkaka, ranar 2 ga wata kuwa muna roƙon jinƙai domin dukan masu bi da suka rasu. Bisa ga al'ada, kowane gida yakan rubuta sunayen matattunsa a takarda, ya kawo a ajiye kusa da bagadi, a riƙa tunawa da su cikin Misa har ƙarshen wata. Al'ada ce mai kyau, amma akwai abin da ke damuna game da waɗannan takardu. In ka tsayar da saurayin da aka aiko da takardar, ka ɗora yatsa a kan suna na uku ko na huɗu, ka tambaye shi ko wane ne wannan, sai ya ce kakansa ne. Wane aiki ya yi a duniya? Sai ya sunkuyar da kai, ko ya ce ya ji dai ana cewa ma'aikacin gwamnati ne. Mutum ya yi rabin ransa yana hidimar jama'a, ga shi jikansa na cikinsa ba zai iya ba da labarinsa na minti biyu ba.

Wanda duk ya bi ta unguwar Nassarawa a nan Kano ya san yadda hukuma take tunawa da nata. A wannan unguwa Turawa suka kafa zangon mulkinsu bayan sun ci Kano a 1903. A nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a 1909, gidansa na ƙasa yana nan tsaye har yau. A gidan sarki na Nassarawa aka binne Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a 2014, bayan ya yi shekara 51 a kan gadon sarauta. Ga kuma tituna, da yawansu da sunan wani babba: Ahmadu Bello, Audu Bako, da sauransu. Wannan daidai ne, ba ni da ja a kai.

Bari in ɗan tsaya a kan Audu Bako, gama labarinsa yana da abin da zai koya mana, ko da yake ba ɗan Ikilisiya ba ne. Kwamishinan 'yan sanda ne, shi ne kuma gwamnan farko na Jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975, a lokacin da Jigawa tana cikin Kano. Ya lura cewa ƙasa mai jama'a da yawa da damina gajeruwa ba za ta ci da kanta ba sai an tare ruwa. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, aka kuma gama ta Tiga a 1974. Ruwan Tiga ne ke bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman rani na shinkafa da alkama da tumatir. 'Yan'uwanmu da yawa na ƙauyukan kudancin Kano da wannan ruwa suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, da shi kuma suke kawo baiko ranar godiyar kaka. To, amma tarihi bai tsaya a nan ba. Da gwamnatin Janar Murtala ta binciki masu mulkin jihohi 12 na zamanin Gowon, biyu kaɗai ta wanke, na Legas da na Jihar Yamma. Haka kuma manoma da masunta na fadamun Haɗeja da Nguru sun daɗe suna kukan cewa tare ruwa a sama ya rage ambaliyar da suka dogara da ita. Ya rasu a 1980. Mutanen Kano har yau suna ambatonsa da alheri, ni ma ina tare da su, sai dai wanda zai ba da labarinsa da gaskiya dole ya faɗi duka biyun.

Mu ma muna da namu da sunansu ya hau allo. Dokta Barau Dikko, Kirista ɗan ƙasar Zazzau, shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, yana cikin shugabannin farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, ya rasu a 1977. Babban asibiti a Kaduna yana ɗauke da sunansa. Ina so matasanmu su san wannan, domin kada wani ya ruɗe su da cewa Kirista baƙo ne a aikin gina Arewa.

Amma yawancinmu ba 'ya'yan gwamna ba ne, ba kuwa jikokin likita ba. Bayan kowane babban gida a Nassarawa akwai 'yan ɗakuna a ƙurya, inda kuku da mai gadi da mai ban ruwan furanni suka yi renon 'ya'yansu. A kowane ofis akwai masinja da ya riga kowa zuwa, akwai akawu, akwai direba. Akwai ɗan doka da gandiroba na zamanin En'e, da malamin firamare da aka tura ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina, da ungozomar asibiti, da leburan da ya ɗauki ƙasa a ka a Tiga. Waɗannan su ne iyayenmu. Littafin Sirak, sura 44, bayan ya yabi masu mulki da masu ba da shawara da suka bar suna, bai manta da sauran ba: ya ambaci waɗanda suka shuɗe ba abin tunawa da su, sa'an nan ya nuna cewa ayyukan masu jinƙai suna wanzuwa a cikin zuriyarsu. Hukuma ba za ta sa wa titi sunan masinja ba. In gidansa bai riƙe labarinsa ba, babu mai riƙewa a duniyan nan.

Kawuna, wan mahaifiyata, dubagari ne. Yaran yanzu ba su san wannan aiki ba. Yakan shiga gida gida da farar hularsa da ludayi mai dogon hannu, ya leƙa randa ya ga ko akwai ƙwarƙwaron sauro, ya duba shadda da kwata da bakin rijiya. Da an hango shi daga nesa sai gari ya ruɗe, mata su hau zubar da ruwan randa, yara su kama tsintsiya. Ba a son ganinsa, ya kuwa sani. Mahaifiyata ta gaya mana cewa wani mahauci ya taɓa aiko masa da cinyar rago har gida da dare, domin kada ya hana sayar da naman saniyar da ta mutu da ciwo. A ranar miyar kuka ce a gidan, babu ko ƙashi a ciki. Kawu ya sa ɗansa ya ɗauki cinyar a ka, ya bi shi a baya da fitila har ƙofar mahaucin, da safe kuma ya sa aka binne naman. Matarsa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ya tsufa a gidan haya, ya sha zirga-zirga a kan kuɗin fanshonsa har ƙafa ta gaza. Ba zan ɓoye muku ba, mutum ne mai zafin rai. Irin binciken da yake yi wa randunan mutane shi yake yi wa 'ya'yansa, har babban ɗansa ya bar gida, ba su shirya ba sai a gadon ciwo. Bayan rasuwarsa aka buɗe adakarsa, aka tarar gara ta cinye yawancin takardun, sai katin baftismarsa da hoto guda suka tsira. Abin da muka sani game da shi, daga bakin ƙanwarsa muka ji, da ba ta yi magana ba da shi ke nan.

Me ya sa Ikilisiya za ta damu da labarin dubagari? Domin Littafi Mai Tsarki kansa ya damu da irinsa. Ku karanta Nehemiya sura 5. Mutumin nan ya yi shekara 12 yana gwamnan Yahuza. Waɗanda suka gabace shi sun nawaita wa talakawa da karɓar abinci da azurfa, har barorinsu ma suna taka mutane. Shi kuwa ya ƙi karɓar abincin da doka ta ba gwamna, bai sayi gona ba, ga mutum 150 suna ci a teburinsa daga aljihunsa. Dalilinsa tsoron Allah ne. Ku lura kuma da Luka sura 3: da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai umarce su su bar aikinsu ba. Ya gargaɗi na farkon kada su ƙara a kan abin da aka ƙayyade, ya gargaɗi na biyun su bar ƙwace da ƙage, albashinsu ya ishe su. Ashe teburin ofis wuri ne da mutum zai iya samun tsarki ko ya rasa ransa, daidai da ko'ina.

Waliyi Toma More, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa majiɓincin masu mulki da 'yan siyasa a shekarar 2000, ya fara ne da aikin shari'a a hukumar birnin Landan kafin ya zama babban alƙalin Ingila a 1529. An fille masa kai a 1535 domin ya ƙi rantsuwar da za ta ɗora sarki bisa Ikilisiya. Manyan al'amuransa suna cikin takardun hukuma, amma ƙananan, waɗanda suka nuna halinsa, surukinsa William Roper, mijin 'yarsa Margaret, shi ya zauna ya rubuta su wajen shekara 20 bayan mutuwarsa. Daga gare shi muka san labarin gwauruwar da ta kawo masa kyautar safar hannu da fam 40 a ciki, bayan ya yanke shari'a ta yi nasara: ya karɓi safar don kada ya kunyata ta, ya mayar mata da kuɗin. Suruki ne ya adana mana wannan, 'yan'uwa, mutumin cikin gida, wanda ya ci tuwo tare da shi.

Yanzu ga gargaɗi. Mun saba, in mutum ya mutu, sai a wanke shi da baki fiye da yadda aka wanke shi da ruwa. A wurin jana'iza kowa ya zama mai gaskiya, mai haƙuri, uban marayu. Na san ladabi ne, ban kuma ce a tona asirin mamaci a bainar jama'a ba. Amma a cikin gida, tsakanin uwa da 'ya'ya, ƙarya ba ta taimakon kowa. Matiyu ya buɗe Bishararsa da asalin Ubangijinmu, bai kuwa ɓoye masu abin kunya da ke cikinsa ba. Tamar tana ciki, da Rahab, da Rut baƙuwa 'yar Mowab, da matar Uriya wadda ambatonta kaɗai ya tuna mana da zunubin Dawuda. Manassa ma yana ciki, sarkin da ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. In Ɗan Allah bai ji kunyar shiga irin wannan dangi ba, don me za mu gyara namu da ƙarya? Wataƙila mahaifinku ya ci hanci. Wataƙila filin da kuke zaune a kai bai same shi ta hanya mai kyau ba, ku ma kun sani. Ku tuna da Yahuza Makabi a Littafin Makabi na Biyu, sura 12. Da aka je ɗaukar gawawwakin sojojinsa, sai aka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu. Bai ɓoye ba, bai kuma yashe su ba. Ya tara azurfa 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya dominsu. Wannan nassi yana cikin tushen addu'armu domin matattu, gama wanda ya riga ya tsarkaka sarai ba ya bukatar roƙonmu. Muna roƙo ne domin mutane irin kawuna, masu alheri da aibi a haɗe. Inda kuma akwai haƙƙin wani da za a iya mayarwa, to magada su mayar, kamar yadda Zakka ya yi da nasa tun yana da rai. Kuɗin Misa ba ya maye gurbin gonar gwauruwa.

Ku kuma da kuke kan kujera yau, a sakatariya, a ƙaramar hukuma, a asibiti, a caji ofis, ku sani 'ya'yanku suna ganin abin da ake shigowa da shi ta ƙofar baya da dare. Sun san albashinku, sun kuma iya lissafi. Labarin da za su bayar a kanku yanzu ake rubuta shi.

Ga abin da nake roƙon kowane gida a wannan wata. Kada ku kawo suna tsirara. Kafin ranar 2 ga wata, ku je wurin tsohuwar da ta rage a danginku, da goronta ko sabulunta, ku zauna a tabarma ku tambaye ta. A wane gari aka haifi marigayin, me ya fito da shi daga can? Wane ne ya yi masa baftisma, a wace majami'a? Wane aiki ya yi, a ina da ina aka tura shi, wa ya taimaka, da wa ya ɓata? Ku sa yaro mai kyan rubutu ya rubuta, ko ku ɗauki muryarta a waya. Ku fito da takardun da ke cikin adaka, ku shanya su, ku sa su a leda. Wanda bai san shekarar baftisma ko auren iyayensa ba ya tambayi Fada ko katikis na wurin da aka yi, gama Ikilisiya tana ajiye littattafan baftisma da na aure, sau da yawa kuwa su ne kaɗai wurin da aka taɓa rubuta sunan kakanninmu da tawada. Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa su taimaki tsofaffin da ba su da mai rubuta musu. A ƙarƙashin kowane suna a takardar da za ku kawo, ku ƙara layi biyu ko uku: aikinsa, garinsa, da abu guda da kuke roƙa masa a wurin Allah.

Ubangiji ya ji ƙan matattunmu, ya gafarta musu, ya ba su hutawa a wurinsa. Amin.