Shin Waya Za Ta Koya Wa Yaro Wasa?

Da yamma a unguwanninmu na Kontagora yara kan cika ƙofar gida, wasu na langa, wasu na jan motar gwangwani, 'yan mata na carafke. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Da ido suka ɗauka. Amma akwai yaron da ke can gefe yana jera marafan kwalba, ko an kira sunansa ba ya waiwaye. Maƙwabta su ce iska ce ko sammu. Likitoci kuwa suna kiran larurar otizim, wasu su ce galahanga. Dokta Leo Kanner na Amurka ne ya bayyana ta a 1943, bayan ya nazarci yara 11.

Sau da yawa kallon fuskar mutum yana yi wa irin wannan yaro nauyi, amma hoton allo yakan riƙe hankalinsa. Saboda haka masana suka fito da wata dabara. A ɗauki gajeren bidiyo, na minti ɗaya ko biyu, inda wa ke gara wa ƙanwarsa ƙwallo, ita kuma ta mayar masa. Yaron ya kalla sau da sau, sa'an nan a miƙa masa ƙwallon nan take. A shekarar 2000 Marjorie Charlop-Christy da abokan aikinta suka gwada dabarar da yara 5, suka ga an fi saurin koyo ta bidiyo fiye da in an nuna ido da ido.

Wata uwa ta tambaye ni, "Malam, ba ku ne kuke cewa mu raba yara da waya ba?" Mu ne, kuma ban janye ba. Miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru mu huta daban, nuna masa minti biyu sa'an nan mu zauna tare da shi a tabarma daban.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilinmu. Domin wa muke koya masa? Idan don mu rufe bakin maƙwabta ne, to kunyarmu muke yi wa magani, ba kaɗaicinsa ba. Jera marafan nan ma wasa ne a wurinsa, bai kamata a ƙwace ba. Kuma bidiyo ba ya mayar da ƙwallo. Ran da yaron ya gara ta karo na fari, ko bayan mako uku ne, dole a sami wani ɗan gidan zaune a gabansa, ya buɗe hannu yana jira.