Kashi na Goma Sha Shida



Bara na faɗi jarrabawar Bak. Na soma da wannan ne don ku san inda rubutun nan ya fito. Kafin sakamako ya fita, in na zo hutu gida Rumbu, ƙofar gidanmu ba ta rabo da samari, ana shayi ana kirana "ɗan boko". Da labari ya bazu cewa ban samu ba, cikin sati guda fadar ta watse, saura mutum biyu. Ba wanda ya zage ni. Kawai dai kowa sai ya samu wata hanyar bi wadda ba ta ratsa ƙofarmu ba.

Barci ya ƙaurace mini, sai na koma kwana a tsakar gida ina kallon sama. A nan ne karo na farko a rayuwata na bi wata tun daga tsayuwarsa har ɓacewarsa, dare bayan dare. Wata rana ɗaya daga cikin abokan nan biyu ya zo da fim ɗin Indiya a salularsa don ya ɗebe mini kewa. Aka nuno mata sun ci ado suna jiran fitowar wata, ba su ci ba su sha ba tun asuba. Abokina ya yi dariya ya ce: "Kai, mi mutanen ga suke biɗa ga wata haka?" Ni ma na yi dariya, amma tambayar ta zauna mini. Da na samu intanet a Dakoro sai na shiga bincike, kuma abin da na tarar shi nake so mu tattauna: in mutum ya ragu kamar yadda wata ke raguwa, mene ne ya tafi, mene ne ya saura?

Azumin nan na mata sunansa Karwa Caut. Matan aure ke yin sa, musamman a arewacin Indiya, don roƙa wa mazansu tsawon rai, kuma ba su buɗa baki sai sun ga wata, wasu ma ta cikin rariya suke kallonsa. Wanda ya kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya ga wannan azumi. Ana yin sa kwana huɗu bayan cikar wata, wato lokacin da ya soma raguwa yana makara wajen fitowa.

Mabiya addinin Hindu sun raba wata gida 30, kowane gida suna ce masa tithi. Tithi ɗaya shi ne lokacin da wata ke ɗauka ya ƙara nisan digiri 12 tsakaninsa da rana, 12 sau 30 kuwa 360 ke nan, zagaye ya cika. 15 na rabin haske ne, 15 na rabin duhu. Daren cikar wata sunansa Furnima, daren da ba a ganinsa sam kuma Amawasiya. A tsoffin littattafansu akwai ababen bauta mata huɗu da suka rataya wa waɗannan gaɓoɓi. Anumati ita ce daren da ya rage kaɗan wata ya cika, ma'anar sunanta yarda. Raka ita ce cikakken wata. Siniwali ita ce lokacin da saura ɗan siririn haske kafin ya ɓace, kuma tun cikin Rigweda ita ake roƙo a kan haihuwa. Kuhu ita ce daren da babu komai a sama sai taurari.

Ku lura, biyu daga cikin huɗun nan na ɓangaren duhu ne. Mu nan kirarinmu na farin wata ne, sha kallo, dare kuwa mun ce rigar mugu. Su sun ba daren duhu suna, sun ba shi daraja daidai da daren haske, har suka ɗora roƙon haihuwa a kan wata mai shirin ɓacewa. Babban bikinsu na fitilu, Diwali, a daren Amawasiya ake yin sa, a nan suke kunna fitilu suna maraba da Lakshimi wadda suke danganta wa arziki. Kalmar Amawasiya kanta tana nufin zama tare, domin a wannan lokaci wata da rana suna gefe ɗaya na sama.

Akwai kuma wata ɗariƙa tasu mai suna Shiri Widiya da ta ƙara zurfafawa. A wajensu kowane dare daga cikin goma sha biyar yana da tasa abar bauta, ana ce musu Nitiya, wato masu dawwama. Sai suka ce akwai ta goma sha shida, Lalita, wadda ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, ido ba ya ganinta, kuma daga gare ta sauran ke fitowa. Wannan tunani na kashi goma sha shida tsoho ne ƙwarai. A littafinsu na falsafa Birihadaranyaka Ufanishad, wanda aka tsara ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, an kwatanta mutum da wata: dukiyarsa ita ce kashi goma sha biyar, da ita yake ƙaruwa da ita yake raguwa, shi kansa kuma shi ne na goma sha shida. Aka ba da misali da ƙafar amalanke, dukiya ita ce kewayen, mutumin shi ne cibiyar. Wanda ya rasa komai amma yana nan da kansa, kewaye kawai ya rasa.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci, domin kawuna ya riga ku faɗa. Da na ba shi labarin nan sai ya ɗaure fuska ya ce: "Yaro, mi ya kai ka ga gumakan Indiyawa? Karatun boko bai ishe ka ba sai ka ƙaro da shirka?" Tambayar tana da nauyi, ban raina ta ba. Ni Musulmi ne, ban yarda akwai wata Kuhu ko Raka da ke jin roƙon kowa ba. Alƙur'ani ya hana sujada ga rana da wata ƙarara. A Suratul An'am mun karanta yadda Annabi Ibrahim ya dubi tauraro, ya dubi wata, ya dubi rana, ya ga kowanne yana faɗuwa, ya gane cewa abin da ke ɓacewa bai cancanci bauta ba. To amma ku duba, ai sai da ya duba. Bai rufe ido ba, kallon ne ya kai shi ga gaskiya. Sanin yadda wasu mutane suka fassara abin da mu ma muke gani kullum dare daban, bin su daban. Matambayi ba ya ɓata.

Kuma da na dawo gida da tunanina sai na tarar ashe muna da namu. Suratul Baƙara ta gaya mana jirajiran wata ma'aunin lokaci ne ga mutane da aikin hajji. Suratu Yasin ta ambaci masaukan da aka ƙaddara masa har ya koma siriri kamar busasshen reshen dabino. Muna da azumin nafila na fararen kwanaki, 13 da 14 da 15. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan: mu ba da cikakken wata muke fara lissafi ba, da jinjiri muke farawa. Ranar 29 ga Sha'aban gari duka ke fita a tsaya ana duban yamma, tsoho da yaro, ana neman wani ɗan zare na haske da ba ya daɗewa ya faɗi. Wannan ɗan zaren shi ke sa ƙasa duka ta ɗauki azumi, shi ke sa ta ajiye. Wata mafi rauni shi addininmu ya ba hukunci. Inda na rabu da Indiyawa a fili yake: a wajena wanda ba ya canzawa Allah ne shi kaɗai, ran mutum ma halitta ne. Amma cewa a jikin ɗan Adam akwai wata daraja da samu bai kawo ta ba, rashi kuma ba ya tafiya da ita, wannan mun yarda da shi, domin Allah ya karrama ɗan Adam tun bai mallaki akuya ba. Mu sunan da muka ba abin shi ne mutunci.

Akwai tambaya ta biyu wadda ta fi ta kawu zafi, kuma ni na yi wa kaina ita. Shin wannan duka ba lallashin kai ba ne? Wata dai tabbas zai dawo, kwana 29 da rabi ya sake zagayowa. Mutum fa? A fari na 1984 akwai makiyayan ƙasar nan da garkensu ya ƙare ƙaf, wasu ba su sake mallakar saniya ba har suka mutu, sun ƙare suna gadi a Maraɗi ko Kano. A 2010 ma dabbobi sun mutu da yawa a arewacin Dakoro. Wanda ya ce wa irin wannan mutum "kwantar da hankalinka, wata na dawowa", ya yi masa alƙawarin da ba shi da ikon cikawa. Ni ma ba wanda ya ba ni tabbacin zan ci Bak bana.

Saboda haka darasin da na ɗauka ba na dawowa ba ne. Abin da muka koya a aji ne ya warware mini. Wata ba ya raguwa ko kaɗan. Dunƙulen dutse ne, girmansa ɗaya kullum, kuma in ba husufi ba, rabinsa na cikin hasken rana ko yaushe. Abin da ke canzawa shi ne gefen da mu muke hange daga inda muke tsaye. Daren da muke cewa wata ya mutu, yana nan cikakke, fuskarsa mai haske ce ta juya wajen rana. Wanda ya rasa shanu ya yi rashi na gaske, yunwa ba ruɗin ido ba ce, kashi goma sha biyar ɗin nan suna tafiya da gaske. Amma ragin da ake yi wa mutuncinsa, wannan ba fari ya yi shi ba, mu masu kallo ne muka yi. Kenan maganar ta tashi daga kan wanda ya faɗi ta dawo kanmu.

Indiyawa suna da tatsuniya a kan wannan. Watan nasu namiji ne kamar namu, sunansa Candara. Mu mun aura masa Zara ita kaɗai, su kuwa sun aura masa mata 27, ɗiyan wani mai suna Daksha, waɗanda su ne rukunonin taurari 27 da wata ke sauka cikinsu, kusan dare ɗaya kowanne. Rabon kwana ke nan. Sai Candara ya tare a ɗakin guda ɗaya, Rohini, ya yi watsi da sauran. Suka kai ƙara wajen ubansu, ya tsine masa, ya shiga ramewa. Daga baya aka sassauta, aka ce zai riƙa ramewa rabin wata yana murmurewa rabin wata. Wurin ibadarsu na Somnat a jihar Gujarat da wannan labari ake danganta shi. Ban ɗauke shi tarihi ba, amma na gane mutumin da ake nufi. Shi ne wanda bai san hanyar kowane gida ba sai gidan da ake haske. Ni ma shi ne, domin shekarar da ta gabaci tawa wani ɗan ajinmu ya faɗi BEPC ya koma gona, kuma wallahi ban taka na je gaishe shi ba ko sau ɗaya.

Maganin ba sai mun je Indiya ba, yana nan arewa da mu. Fulani makiyaya suna da al'adar habbanaye. In garken mutum ya ƙare, ɗan uwansa ko abokinsa sai ya ba shi aron karsana. Ya riƙe ta, ya sha nononta, ta haihu a hannunsa sau biyu ko uku, ƴaƴan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Ba takarda, ba jingina, ba riba. Ku tambayi kanku, me mai saniyar ya gani a jikin wanda ba shi da ko tunkiya har ya damƙa masa dukiyarsa? A kasuwar Sakabal ba wanda zai ba wannan mutum bashin igiya. Mai habbanaye kashi na goma sha shida ya duba, a kansa ya ba da aro.

Mu ɗalibai ba mu da karsana, amma muna da littattafan aji, muna da tsoffin tambayoyin jarrabawa, muna da ƙafafu. Abokan nan nawa biyu ba su yi mini wa'azi ba. Ɗaya ya kawo fim, ɗayan ya ajiye mini littattafansa na lissafi ya ce in na gama in maido. Da su nake karatu yanzu. Duniya rawar ƴan mata ce, na gaba ya koma baya, kuma sakamako zai sake fitowa bana, za a sake liƙa sunaye, wasu za su duba har ƙasa ba su ga nasu ba. Daren ranar, in kun zauna fada an ɗora shayi, ku ƙirga waɗanda ba su zo ba. Wani ya tashi ya je ya yi sallama ƙofar gidansu, ko da ba shi da abin faɗi. Ni dai kafin in koma makaranta sai da na bi ta gonar ɗan ajin nan namu, na same shi yana ɗaurin dami, na kama masa.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.