JINYA MAI TSAWO: WA MUKA BAR WA KAYAN?



Idan aka ce tsoho ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, makon farko asibiti cika yake da dangi. Wannan ya zo da kular abinci, wancan da lemo da ayaba, waya ba ta hutawa. To bayan wata uku fa? An sallamo shi, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, gida ya yi tsit. Sai a bar mara lafiya da mutum ɗaya, galibi mace: matarsa, ko 'yarsa, ko matar ɗansa.

Idan wannan baiwar Allah ta gaji, ta shige ɗaki ta yi kuka, har ta ji a ranta ba za ta iya ba, shin ta yi zunubi?

Kafin ka amsa, fara sanin aikin da take yi. Wannan ciwo yana samuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban sanadinsa. Wani magana ce take tafiya, wani haɗiya take gagararsa, dole a zaunar da shi a ba shi abinci kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Wanda ba ya iya motsi sai an riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambo ya fito masa a baya da ƙugu. Ga wanka, ga canza famfas, ga wankin zannuwa, ga kai shi gashi asibiti. Wani lokaci ciwon kan taɓa hali, ka ga dattijo mai haƙuri ya koma faɗa ko kuka ba dalili, kuma wadda ke kusa ita ke sha.

Gajiya irin wannan ba zunubi ba ce. Allah bai ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa ba. Abin da aya ta 23 cikin Suratul Isra'i ta hana shi ne furta wa iyaye kalmar ƙosawa ko yi musu tsawa. Wanda ya gaji ya kame bakinsa, ya ci gaba da hidima, wannan ai shi ne haƙurin da ake magana.

Wanda ya kamata ya ji tsoro shi ne ɗan da ke turo dubu goma a wata, ya leƙo ranar Juma'a da babbar riga, ya fara: "Me ya sa Baba ya rame? Ɗakin nan yana wari." Malam, ka taɓa kwana da shi sau ɗaya? Mahaifinka ne fa. Matarka idan ta yi masa jinya alheri ta yi, a gode mata, amma haƙƙin iyaye a wuyan 'ya'yansu yake. Kuma namiji ya yi wa mahaifinsa wanka da tsarki ya fi sutura gare shi.

Masu ganin jinya ƙaramin aiki ne na mata, su tuna Sayyidina Usman bin Affan. A shekara ta 2 bayan Hijira bai halarci yaƙin Badar ba, saboda ya tsaya jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah (SAW). Annabi ya ba shi rabonsa na ganima, ya kuma tabbatar masa da lada irin na wanda ya halarta. Badar guda fa! Ku duba inda aka ajiye mai jinya.

Don haka iyali su zauna su yi magana ta gaskiya, ba kara. A raba kwana. Mai kuɗi ya ɗauki magani da kuɗin gashi, mai mota ya ɗauki zirga-zirgar asibiti, na nesa ya zo ya karɓi mako guda. A ba mai jinya rana ɗaya ta yi barci, ta je ta ga danginta. A yi addu'a da ruƙya, amma kada a ce iska ce a jefar da maganin hawan jini, domin ciwon yana iya dawowa.

Shi ma mara lafiyar a kiyaye mutuncinsa. Rashin magana ba ya nufin ba ya fahimta. Da yawansu suna jin duk abin da ake faɗa. Kada a yi lissafin kuɗin magani a gabansa, balle zancen gado.

Ke kuma 'yar uwa mai jinya, neman taimako ba butulci ba ne. Ki faɗa musu kin gaji. Abin da kika yi cikin dare ba wanda ya gani, Allah Ya gani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya saka wa masu jinya da Aljanna. Amin.