Mai Bindiga Ya Yi Barci, Bindiga Ba Ta Yi Ba

Duk hujjar da mai yawo da makami yake kafawa a kan ginshiƙi guda ta tsaya, wato cewa shi mutum ne mai hankali, wanda ya san lokacin ɗaga hannu da lokacin sauke shi. Ba ni da ja a kan wannan muddin rana tana sama. Sai dai matafiyi ba ya wuce dare. Duhu na yi zai nemi masauki, ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafa, barci kuwa ƙanen mutuwa ne. Na tsawon awa shida ko bakwai, hankalin nan da aka kafa hujja da shi ba ya nan, amma bindiga tana nan yadda take. Tambayar da ta dame ni ita ce: a cikin waɗannan awoyi, wa ke riƙe da ita, kuma wane haƙƙi ne mutanen da suka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ita suke da shi a wuyan mai ita?

A Amurka wannan tambaya ta daɗe da barin bakin masu falsafa, ta shiga kotu. Jihohin ƙasar kowace da dokarta, har abin da yake halal a wannan jiha kan kai mutum kurkuku a maƙwabciyarta. Domin haka a 1986 majalisar tarayya ta yi dokar da ta ba matafiyi damar ratsa kowace jiha da bindigarsa, in dai doka ta yarda ya riƙe ta a inda ya taso da inda za shi. Sharaɗin shi ne a cire mata harsasai, a ajiye ta inda hannu ba zai kai gare ta daga kujera ba. In motar ba ta da but, a kulle ta cikin akwati, ba a ɗan aljihun gaban mota ba.

A 2005 wani mutum ya taso daga jihar Yuta a jirgin sama zai je Fensilbeniya. Ya bayyana bindigarsa tun a filin jirgi, babu harsashi a cikinta, tana kulle cikin akwati. Jirgi ya yi latti, ya rasa wanda zai ƙarasa da shi, dole ya karɓi kayansa ya kwana a otal a jihar Niyu Jazi, wadda dokarta ke da tsanani. Da safe ya koma filin jirgi, ya sake bayyana bindigar da bakinsa, sai aka kama shi. Ya yi kwanaki a tsare kafin daga baya a janye tuhumar. Da ya kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2010 cewa dokar nan ba ta kare shi ba, domin a daren da ya kwana a otal bindigar tana inda hannunsa zai iya kai gare ta.

Na tausaya wa mutumin, don gaskiyarsa ce ta kai shi ga ankwa. Duk da haka alƙalan sun taɓo wani abu na gaskiya, ko da da kakkausan hannu ne: tafiya daban, kwana daban. Mai wucewa ba ya ɗora wa kowa nauyi. Mai kwana kuwa ya zama maƙwabci, ko da na dare ɗaya ne, maƙwabtaka kuma tana da haƙƙi.

Matafiyin da ya isa otal zaɓi biyu ne a gabansa, kuma babu mai daɗi. In ya bar bindiga a mota, ya bar ta ga ɓarawo. A biranen Amurka da dama, fasa gilashin mota na cikin manyan hanyoyin da bindiga ke faɗawa hannun miyagu. Wanda aka sace wa waya shi kaɗai ya yi asara. Wanda aka sace wa bindiga kuwa ya raba asararsa da wani bawan Allah da bai taɓa gani ba, wanda watakila bayan wata uku za a tare shi da ita a wani lungu. In kuma ya shiga da ita ɗaki, to ɗakin otal ba ɗakinsa ba ne. Mai gyaran ɗaki tana da mabuɗi, manaja yana da mabuɗi, bangon da ya raba shi da ɗakin gaba ba lallai ya tare harsashi ba, kuma yaron da aka yi tafiyar da shi ya fi kowa sanin buɗe durowa. Akwai ma mantuwa, wadda ba ta jin kunyar kowa. Mutum ya tashi da asuba cikin sauri ya bar ta ƙarƙashin matashin kai, wanda zai fara cin karo da ita ba shi ya zaɓi ɗaukar makami ba.

Masu cewa a kwana da ita a ɗure kusa da kai suna da hujja mai ƙarfi: bindigar da ke kulle cikin akwati ba ta da amfani a lokacin da aka ɓalle ƙofa. Gaskiya ne, kulle yana cin daƙiƙu. Amma a duba yadda aka raba riba da hasara. Daƙiƙun da mai bindiga ya tara ta hanyar barin ta a buɗe, shi kaɗai zai ci moriyarsu, kuma sai in ɗan fashi ya zo, wanda a yawancin darare ba ya zuwa. Haɗarin kuwa kowane dare yana nan, kuma a kan wasu aka shimfiɗa shi ba tare da an tambaye su ba. Ni a ganina mutum yana da ikon yin kasada da ransa, amma ba shi da ikon biyan kuɗin natsuwarsa da ran maƙwabci. Akwati mai kulle, a ɗaure da wani abu da ba ya ɗaukuwa, shi ne mafi ƙarancin abin da baƙo zai biya.

Saura mai masauki. Shin sai an gaya masa? A ranar 1 ga Oktoba 2017, wani baƙo a hawa na 32 na wani babban otal a Las Begas ya buɗe wuta kan taron masu kallon kiɗa, aƙalla mutum 58 suka mutu. Bindigogi fiye da 20 ya haura da su cikin jakunkuna a kwanakin da suka gabata, wasu ma ma'aikatan otal ne suka taya shi ɗauka ba su san abin da ke ciki ba. Bayan haka wasu manyan otal-otal suka sauya ƙa'ida, suka ce allon nan na "kada a dame ni" ba zai hana ma'aikaci leƙa ɗaki ba in ya daɗe a rataye. Ba na haɗa maharbin zomo da wannan mai kisa. Abin da nake nufi shi ne daga bayan kanta mai masauki ba ya iya bambanta su, jakar duk iri ɗaya ce. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai baƙo ya yi shela a zaure ba, domin shelar ma gayyatar ɓarawo ce. Amma ya tambayi ƙa'idar gida kafin ya sauka, in an ce a'a ya nemi wani wuri. Wanda ya shigar da makami gidan da ya san an hana, yana fakewa da cewa ba mai gani, ya karɓi karamci ya biya da yaudara.

A nan ne kuma maganata take yin nauyi a bakina, domin na san abin da ganin bindiga ya jawo wa wasu. A ƙarshen Maris na 2025, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, wasu mafarauta sun taso daga jihar Ribas za su Kano yin Sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare motarsu, suka ga bindigogin toka, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane, aka kashe 16 daga cikinsu, aka cinna musu wuta. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta san irin wannan bindiga, ta kuma tanadi lasisinta a hannun 'yan sanda. Ko da a ce babu takarda ko ɗaya a aljihunsu, ofishin 'yan sanda ne mahukunta, ba taya da fetur ba. Don haka duk abin da na ɗora wa baƙo yana da kishiya a wuyan ɗan gari. Ba za a ce wa matafiyi ya faɗi gaskiya a wurin da gaskiya ke kai mutum kabari ba. Garin da yake so a bayyana masa makami sai ya tanadi wurin karɓarsa, da mutumin da zai rubuta ya ajiye, ya mayar da safe.

Tarihi ya taɓa ganin an sauke nauyin nan daga ɓangarori biyu, kuma tsakanin abokan gaba. A shekara ta 7 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya je Umrar ramuwa bisa yarjejeniyar Hudaibiyya, wadda ta ce kwana uku kawai za a yi a Makka, kuma ba za a shiga da makami ba sai takobin matafiyi cikin kube. Bai fito Madina hannu rabbana ba, don ya san hanya da waɗanda ke ƙarshenta. An taho da sulke da masu da kwari da baka. Amma kafin a shiga gari aka sauke su duka a kwarin Ya'ajaj, aka bar mutum 200 suna gadinsu. Manyan Ƙuraishawa kuma suka fice zuwa kan duwatsu suka bar wa baƙi gari. Aka yi kwanakin uku ba a zubar da jini ba. Da waɗanda suka shiga suka gama ɗawafi da sa'ayi, sai aka tura wasu daga cikinsu zuwa Ya'ajaj su karɓi gadi, domin masu tsaron makaman su ma su samu yin tasu Umrar.