Wa Ke da Ikon Cewa "Ba Ta Shirya Ba"?

A ƙarƙashin ƙasa, daga birnin Hamburg zuwa garin Schenefeld a arewacin Jamus, akwai ramuka masu tsawon kilomita 3.4 da aka haƙa domin haske kawai. Na'urar da ke ciki, European XFEL, leza ce da ke samar da haskenta daga ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, waɗanda aka raba da zarrarsu. John Madey ne ya fito da dabarar a Jami'ar Stanford a 1971. Ana kora ilektiron har gudunsu ya kusa kamo na haske, sannan a bi da su tsakanin dogon jerin maganaɗisu da ke sa su tafiyar maciji. Kowace karkata tana fitar da haske, hasken kuma yana jera su sahu-sahu har su riƙa fitar da shi a tare. Da haka ake samun walƙiyar eksire har 27,000 a daƙiƙa guda, a ɗauki hoton ƙwayar furotin kafin ƙarfin hasken ya tarwatsa ta.

Idan muka ji an ce za a ƙaddamar da aiki, almakashi da ƙyalle ne ke faɗo mana a rai. A wurin masu irin wannan na'ura, kafin almakashi akwai watannin gwaji da ake tayar da ita gaɓa-gaɓa. An fara ginin a 2009. A ƙarshen 2016 aka soma sanyaya bututun niyobiyam zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. A watan Mayun 2017 hasken farko ya fito, walƙiya ɗaya tak a daƙiƙa, a Satumba kuma masu bincike na farko suka shigo. Duk wannan sai da aka tsara shi a takarda tun da wuri, kuma a cikin takardar akwai tambayar da lissafi ba ya amsawa: idan ranar da aka yi wa jama'a alkawari ta zo, injiniya kuma bai natsu ba, alkawarin za a cika ko shakkarsa za a saurara?

Amsa mai sauƙi ita ce a jira. Masu wannan ra'ayi suna da hujja a cibiyar CERN, kan iyakar Faransa da Siwizalan. Ranar 10 ga Satumba 2008 aka kunna babbar na'urar LHC a idon duniya. Bayan kwana 9, ana ƙarasa gwajin wutar wani sashe da bai kammala ba kafin bikin, wani mahaɗi tsakanin maganaɗisu biyu ya narke, tan-tan na hiliyam ya tsere, sai da aka ciro maganaɗisu 53. Na'urar ba ta dawo ba sai Nuwamban 2009. Ban ce gaggawa ce ta ɓata mahaɗin ba, da ma da aibinsa aka binne shi. Sai dai an yi shelar lafiyarta kafin a gama duba ta. Leza ma tana da nata haɗarin: ilektiron da suka kauce hanya suna rage ƙarfin maganaɗisun a hankali, ɓarnar da ba ta ƙara, ba ta hayaƙi.

To amma jira ba kyauta ba ne, kuma wannan ne masu yabon haƙuri suka cika mantawa. Sama da Yuro biliyan ɗaya na harajin mutanen ƙasashe da dama ne ya tafi a ginin. Akwai ɗalibar digirin digirgir da tallafinta na shekara uku ko huɗu ne, ta raini ƙwayoyin furotin ɗinta wata da watanni tana jiran kwanakin da aka ba ta. Ɗage mata rana da wata shida na iya zama ɗage mata rayuwa. Ga shi kuma na'ura irin wannan ba ta da ranar da za a ce ta gama gyaruwa. Injiniyan da ya ce sai ta cika goma zai iya fakewa da tsantseni har abada, alhali tsoron zargi ne ke riƙe da shi. Shi ma ya ci amana, sai dai nasa cin amanar yana sanye da rigar kirki.

Saboda haka ni a ganina ba a ranar ya kamata a yanke hukuncin ba. A ranar kowa yana da abin da zai samu ko ya rasa: shugaba yana jiran ministoci, mai bincike ya sayi tikitin jirgi, injiniya ya kwana uku bai yi barci ba. Tun ran gini ran zane. Tun ana tsara gwajin, lokacin da zukata ke kwance, ya kamata a rubuta a fili wane ƙarfi hasken zai kai, awa nawa zai tsaya bai yanke ba, ilektiron nawa za a yarda su ɓace, kafin a ce mataki ya wuce. Wanda ya sa hannu a kan wannan ya ɗaure kansa na gobe, domin ya san na goben zai fi shi son a yi masa sassauci. A kuma rubuta cewa ma'aikacin da ke gadin ɗakin sarrafawa da ƙarfe uku na dare, wanda sunansa da wuya ya fito a mujallar kimiyya, yana da ikon dakatar da komai ba tare da ya tashi wani daga barci neman izini ba.

Za a ce sharuɗɗan da aka rubuta kafin a san halin na'ura za su iya zama kuskure. Haka ne, gwajin ma ai don jahilcin da ya rage ake yin sa. A sauya su idan ta kama, amma a rubuce, da dalili, a gaban waɗanda sauyin ba zai amfana ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sassauta ma'auni a ɓoye, sannan a ce an cika shi.

Akwai kuma hanya tsakanin buɗewa da rufewa, wato a buɗe abin da ya shirya, a faɗi iyakarsa. A Satumban 2017 European XFEL ta karɓi baƙinta da tashoshin gwaji biyu kawai daga cikin shida da aka tsara, da walƙiya ƙasa ƙwarai da 27,000 ɗin da ke kan takarda. Sauran tashoshin huɗu suka biyo baya a 2018 da 2019.