Kafin Ka Ɗora Inji a Kwalekwalenka

Ɗana, ka haɗa kwalekwale da hannunka, ka tara kuɗin inji. Allah ya sanya albarka. To, zauna mu yi magana a kan katakon baya, mazaunin inji, domin a nan na fi ganin gangancin samari. Sai mutum ya ɓata makonni yana gyara cikin jirgi, mazaunin inji kuwa ya buga shi da 'yan ƙusoshi tsakanin la'asar da magariba.

Kana zaton nauyin inji kaɗai zai ɗauka? Yamaha mai ƙarfin doki 15 nauyinsa wajen kilo 40 ne, ƙato ɗaya ma ya saɓa shi a kafaɗa. Ba nan gizo ke saƙa ba. Farfela tana can ƙasa tana tura jirgi gaba, kan injin kuma yana fizgar saman katakon zuwa baya, ga jijjiga muddin yana aiki. Duk turin da zai kai ka daga Yawuri zuwa Warra, kai da buhunanka da bayin Allah da ka ɗauka, ta jikin katakon nan yake bi. Ƙusa marar noti ba ta jure haka. A hankali take sassautawa, kuma ba za ta gaya maka ranar da za ta saki ba.

Nemi busasshen maɗaci marar tsaga, mai kaurin kusan inci 2, ka gwada maƙallan injin a kansa tun kafin ka sa zarto. Ka huda shi ya ɓulle, ka zura ƙusa mai noti wadda ba ta saurin tsatsa, ta ciki ka sa faffaɗan ƙarfe don kada noti ya nutse cikin itace. Kowane rami ka ɗura masa kwalta, domin ta nan ruɓa take shiga. Sannan ka ba shi tokara biyu zuwa ƙasan jirgi. Idan bayan kwalekwalenka mai tsini ne, har sai mai walda ya ƙera maka mazauni, ka tsaya a kansa ya cika waldar, kada ya ɗiga maka ita nan da can ya rufe da fenti.

Maganar tsayi kuwa ba a yin ta da ido. Inji mai gajeriyar ƙafa yana son inci 15 daga saman katako zuwa gindin jirgi, mai doguwa inci 20. Duba faffaɗan ƙarfen nan da ke saman farfela: ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya ɗan sauka kaɗan. In ya yi sama, farfela ta riƙa shaƙar iska, inji ya yi ta ihu jirgi ba ya tafiya, ruwan sanyaya shi ma ya yanke. In ya nutse da yawa, fetur ɗinka kawai zai sha.

Ka tuna ruwan da za ka bi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya shanye gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa kuma suna nan a ƙarƙashi. Ranar da ƙafar inji ta daki ɗaya, mazaunin ne zai karɓi dukan. Saboda haka in kana tafiya gaba kada ka kulle ƙafar, bar ta ta iya ɗagawa. Ka kuma ɗaure injin da sarƙa a jikin jirgi, ba a jikin katakon da yake zaune ba.

Ranar gwaji kada ka ɗauki kowa. Sa rigar ruwa, ɗauki filafilinka, ka zaga kusa da gaɓa, ka ɗora tafin hannu a kan katakon yayin da kake ƙara wuta. In ka ji yana motsi ko kaɗan, koma tudu. In bai motsa ba, ka sake bin kowane noti da sifana bayan mako guda, domin itace yana lotsawa.